Wa Zai Karanta Mana Tsuntsayen Gonakinmu?

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akwai rukunin ɗaliban da ake yi wa jaje maimakon barka: waɗanda suka nemi likitanci aka ba su ilimin dabbobi. Uwa ta yi tagumi, uba ya shiga fafutukar neman wanda zai sauya wa ɗansa kwas, abokai kuma su kama tsokana, wai za a ƙare a gidan zu ana miƙa wa zaki nama. In kuwa yaron ya buɗe baki ya ce shi tsuntsaye yake sha'awar nazarta, sai a ce lamarin nasa sai addu'a.

Ni ɗan karkara ne. Na tashi a ƙasar noma da ke tsakanin Bichi da Dambatta, na kuma daɗe ina koyar da ilimin halittu, saboda haka wannan jaje na sha jin sa. Abin da nake so in ajiye a gaban mai karatu shi ne: nazarin rayuwar tsuntsaye da ɗabi'unsu fage ne na ilimi wanda mutane suka ƙarar da rayuwarsu a kansa har suka kai matsayin farfesa, kuma gonakinmu na arewacin Kano cike suke da tambayoyin da suka shafi rumbun manomi kai tsaye, waɗanda ba mai amsa su sai wanda ya zauna ya yi kallo na shekara da shekaru. Rashin irin waɗannan mutane a cikinmu asara ce da muke biya da damin gero da buhun shinkafa.

Daga bakin teku ilimin ya taso

Kafin mu dawo gida, bari mu leƙa inda wannan ilimi ya yi jijiya, wato bakin teku. Tsuntsayen teku suna da siffofi uku da suka sa masana suka yi musu ca. Suna yin sheƙa dubbai a wuri guda, suna komawa wurin da suka saba kowace shekara, kuma suna da tsawon rai. Wanda yake so ya bi rayuwar dabba ɗaya daga ƙuruciya har tsufa, da wuya ya samu abin da ya fi su.

Niko Tinbergen, ɗan ƙasar Holan da ya koma koyarwa a Jami'ar Oksfod ta Ingila, ya shafe shekaru yana zama cikin tuddan rairayi yana kallon wasu fararen tsuntsayen bakin teku. Ya lura cewa a wani jinsinsu akwai jan ɗigo a bakin uwa, kuma ɗan tsako yakan caki wannan ɗigo kafin uwar ta amayo masa abinci. Sai ya yanka kwali da siffar kan tsuntsu, ya riƙa sauya launin ɗigon, yana ƙirga sau nawa ɗan tsakon zai kai caka. A wani jinsin kuma ya ga da zarar ƙwai ya ƙyanƙyashe, iyaye sukan ɗauke ɓawon su jefar can nesa. Me ya sa? Ya jera ƙwai a fili, wasu da ɓawo kusa da su, wasu babu, sai ya ga hankaki sun fi saurin gano waɗanda ɓawo ke kusa da su, domin farin cikin ɓawon yana tona asirin sheƙa. Da kwali da fenti da littafin rubutu aka yi wannan aiki, kuma a 1973 aka ba Tinbergen lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci da aikin gaɓoɓin jiki, tare da Konrad Lorenz da Karl von Frisch. Iyayen da ke yi wa 'ya'yansu jajen rasa likitanci, ya kamata su ji wannan.

Darasi na biyu da teku ke koyarwa shi ne haƙuri. A 1956 wani masani Ba'amurke, Chandler Robbins, ya sanya wa wata babbar tsuntsuwar teku zobe mai lamba a tsibirin Midway da ke tsakiyar Tekun Fasifik. Robbins ya rasu a 2017, amma a ƙarshen 2024 an ga tsuntsuwar nan ta sake yin ƙwai, tana da shekara fiye da 70. A tsibirin Skomer na Birtaniya kuwa, Farfesa Tim Birkhead na Jami'ar Sheffield ya fara bin wani jinsin tsuntsun teku tun 1972. Da hukuma ta janye masa tallafi a 2014, jama'ar gari ne suka yi karo-karo aikin ya ci gaba, domin sun gane cewa lissafin shekara arba'in idan ya yanke, kuɗi ba ya ɗinke shi.

Kada a ce wannan harkar Turawa ce kaɗai. A Gana, Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta Jami'ar Gana ta gina sunanta a kan tsuntsayen gaɓar teku. A tsakiyar shekarun 1980 an kafa wani shiri a can saboda yara suna ɗana tarko suna kama wasu ƙananan fararen tsuntsayen teku masu wutsiya irin ta tsattsewa, waɗanda ke ƙyanƙyasa a Turai su zo Gana cin rani. Ita da abokan aikinta suka riƙa ƙidayar tsuntsaye a tafkunan gaɓar teku wata bayan wata, aka kafa ƙungiyoyin yara a makarantu, kuma a 1992 aka shigar da wurare biyar na gaɓar Gana, ciki har da Keta da Songor, cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Mace ce, 'yar Afirka ta Yamma, kuma da ƙidayar tsuntsu ta sauya manufar gwamnati.

Mu da ba mu da teku

Mai karatu zai iya cewa, to mu Kanawa ina ruwanmu, tunda tsakaninmu da teku tafiyar kusan kilomita dubu ce? Amsa ita ce hanyar binciken ɗaya ce, a kan dutsen tsibiri ko a gindin gawo: a sanya wa tsuntsu alama, a san shi shi kaɗai, a bi shi, a ƙirga, a gwada. Kuma an taɓa yin haka a ƙasarmu.

A shekarun 1960, C. H. Fry yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya ɗauki wani ɗan koren tsuntsu mai jan maƙogwaro, mai cin zuma da sauran ƙwari masu tashi, wanda ke haƙa rami a gaɓar rafi ya yi sheƙa. Da ya sanya musu zobba sai ya gano cewa a sheƙu da dama ba uwa da uba kaɗai ke ciyar da 'ya'ya ba, akwai mataimaka da ke kawo abinci alhali ba su suka haifa ba. Wannan tambaya, ta me zai sa dabba ta yi wa ɗan wani wahala, tana cikin manyan tambayoyin ilimin ɗabi'ar dabbobi, kuma rafukan Zariya suna cikin wuraren da aka fara tattara hujjojinta a Afirka. Fry ya koma Jami'ar Aberdeen, daga baya ya zama ɗaya daga cikin editocin babban kundin tsuntsayen Afirka mai juzu'i da yawa.

A nan Kano ma, R. E. Sharland ya shafe shekaru yana sanya wa tsuntsaye zobe, Roger Wilkinson kuma, lokacin da yake koyarwa a Jami'ar Bayero, ya nazarci irin wannan renon taron dangi a wani tsuntsun da ke kiwo a filayenmu. A 1981 su biyun suka wallafa jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus, lokacin Jigawa tana cikin Kano. Shekara fiye da arba'in ke nan. Tun daga lokacin jama'a sun ninka, birni ya cinye gonaki, dazuzzuka sun ja baya, noman rani ya bunƙasa. Wanda zai ɗauki wancan jeri ya bi ƙauyukanmu ya ga me ya ragu, me ya ɓace, me ya ƙaru, ya samu aikin digirin digirgir tun kafin ya bar ƙaramar hukumarsu.

Ƙasar tamu kuwa ba ƙaramin ɗakin gwaji ba ce. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Bayero, ya sa duniya ta san karkarar da ke kewaye da Kano a matsayin misalin ƙasar da jama'a suka yi yawa, ake noma kowace gona kowace shekara ba a barin saura, amma ba ta mutu ba, saboda taki da dabbobi da itatuwan da manomi ke bari a gonarsa: gawo, ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya. Ga kuma madatsun ruwa irin su Tomas da Watari da Gari da Jakara, waɗanda suka samar da ruwan da ke kwana har rani. Duk wanda ya je bakinsu da hunturu zai ga zalɓe da balbela da kirinjijiya, zai kuma ga baƙi, ciki har da dangin waɗancan fararen tsuntsaye masu wutsiyar tsattsewa suna shawagi a kan ruwa.

Tambayoyin da ke jiran mai amsa

Ta farko ita ce ta jan-baki. Duk manomin shinkafa da gero da dawa ya san wannan ɗan tsuntsu mai nauyin kusan giram 20, amma idan garkensa ya taso sai ka ce hadari. Ya san tashin asuba, da igiyoyin da aka rataya wa gwangwanaye, da yaran da ke barin makaranta su wuni suna ihu da majajjawa. A farkon shekarun 1960 wani masani mai suna Peter Ward ya zauna a yankin Tafkin Chadi yana buɗe cikin jan-baki yana duba abin da ya ci. Ya gano cewa ainihin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne. Idan ruwan farko ya sauka, 'ya'yan ciyawar suka tsira, abinci ya yanke masa, sai ya yi ƙaura zuwa inda damina ta riga ta sauka, sa'an nan ya biyo sabuwar ciyawa ya dawo ya yi ƙwai. Ya kuma nuna cewa yunwa da kanta tana kashe ɗimbinsu kowace shekara, don haka kisan gilla da guba ba ya rage yawansu na dindindin. Abin da ya fi shi ne a san lokaci da wurin da amfanin gona ke cikin haɗari, a kare shi. Daga kallon makwancinsu ne ma shi da Amotz Zahavi suka fito da ra'ayinsu na 1973, cewa taron kwana na tsuntsaye kamar dandali ne inda wanda bai samu abinci ba yake bin wanda ya samu.

Yau fiye da shekara sittin da aikin Ward, har yanzu babban makaminmu shi ne jirgin feshi, wanda gubarsa ba ta tantance jan-baki da shirwa ko balbela. Alhali duniyar jan-bakin ta sauya: noman rani ya ba shi abinci a lokacin da a da yake fama da yunwa, kacalla kuma ta ba shi makwanci a fadamun Hadeja da Nguru. Yaushe yake iso Bagwai? Daga ina? Wane makon shuka ne zai sa shinkafa ta nuna kafin ya zo? Wanda ya amsa waɗannan ya yi wa manomi abin da tallafin taki na shekara guda ba zai yi masa ba.

Ta biyu ita ce ta shamuwa. Kakanninmu sun ɗauke ta mai bushara da damina, suka bar ta ta yi sheƙa a tsakiyar gari ba mai taɓa ta. Kimiyya ta tabbatar da cewa ba su yi kuskure ba: fara da sauran manyan ƙwari su ne abincinta, kuma masu binciken da suka ɗaura wa wasu shamuwoyi na'urar bin sawu a Jamhuriyar Nijar sun bi su har gabashi da kudancin Afirka, inda suke tafiya idan daminarmu ta ɗauke. Na taɓa tambayar wani dattijo a ƙauyenmu ko shamuwa na zuwa kamar da. Ya nuna mini wata kuka ya ce, “Malam, da ina yaro sheƙa ba ta ƙirguwa a kan itacen nan. Bana uku na gani.” Na ce, “Baba, me kake ganin ya jawo?” Ya ce, “Ai ku ne 'yan boko, ku za ku gaya mana.” Maganarsa shaida ce, amma shaidar da ba a rubuta ba tare da mai ita take tafiya. Da a ce tun 1981 akwai mai ƙirga sheƙun shamuwa a ƙauyuka ashirin kowace damina, da yau muna da amsa.

Ta uku ita ce ta itatuwa da baƙin tsuntsaye. Miliyoyin ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari suna ƙetare Sahara daga Turai su ci rani a yankinmu. A 1969 masu ƙidaya a Birtaniya suka wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Da aka bi diddigi sai aka tarar farin da ya fara a Sahel ne sanadi. Tsuntsu ya kai labarin fari Turai tun kafin yunwar 1973 ta sa duniya ta waiwayo mu. A 'yan shekarun nan masu bincike daga Holan, ƙarƙashin Leo Zwarts, sun bi Sahel itace bayan itace, suka gano cewa waɗannan baƙi suna da zaɓi: sun fi taruwa a kan gawo da aduwa da dangin ƙaya, ba su cika kula darbejiya da turare ba. Gawo kuwa, kamar yadda kowane manomi ya sani, da rani yake ganye, lokacin da baƙin ke nan. To mu da muke dashen itatuwa kowace shekara, wa yake ba mu shawarar irin da za mu dasa? Kuma ƙwari nawa tsuntsayen gawo ke rage wa gonar da ke ƙarƙashinsa?

Ta huɗu ita ce ta ungulu, wadda a da ba a raba ta da mahauta da kasuwanni, yau kuwa yaro zai iya gama firamare bai gan ta ba. A 2015 aka sanya irin tamu cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Indiya ta riga mu ganin wannan: a shekarun 1990 wani maganin dabbobi ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu jinsunan ungulayenta, mushe ya yi yawa, karnukan da ba su da masu su suka ƙaru. Haka kuma tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihohin Kaduna da Kano a farkon 2006, masu kiwon kaji suka san cewa sanin zirga-zirgar tsuntsaye ba abin wasa ba ne.

Hanya da ƙayoyinta

Ga ɗalibin da wannan ya taɓa zuciyarsa, hanya a buɗe take. Bayan digirin farko a ilimin dabbobi ko na halittu, akwai Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos tun 2002, tana horar da masu digiri na biyu daga ƙasashen Afirka ta Yamma. Daga can ne aka fara shirin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, inda duk mai waya da ido zai iya aika jerin abin da ya gani a yankinsu. Najeriya tana da jinsin tsuntsaye fiye da 900. Ga fadamun Hadeja da Nguru a maƙwabta, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, a tsakiyar ƙasar da muke magana a kanta.

Sai dai hanyar tana da ƙaya, kuma ɓoye ta ba adalci ba ne. Ƙarin girma a jami'a yana bin yawan maƙalu, wannan kuwa yakan tura matashin malami ga binciken da za a gama cikin wata uku. Tallafin bincike yawanci gajere ne, alhali tambayar shamuwa tana buƙatar shekara ashirin. Yajin aiki irin na 2022, wanda ya ci wata takwas, yana iya raba ɗalibi da daminar da aikinsa ya dogara a kanta. Ga nauyin aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ga matsalar tsaro da ta sa wasu dazuzzuka ba sa shiguwa. Wanda ya zaɓi wannan fage ya shirya tashin asuba, da zafin rana, da koyon lissafin ƙididdiga, da dariyar mutanen gari. Arziki na gaggawa ba ya nan.

Duk da haka ɗan ƙasa yana da abin da baƙo ba shi da shi. Fry da Ward da Wilkinson sun yi aiki nagari, amma kowannensu wa'adinsa ya cika ya tafi. Ɗan Makoda ko 'yar Kunchi ba inda za su. Suna jin harshen manomi, sun san sunan kowace fadama, dattawa za su buɗe musu abin da ba za su gaya wa mai tafinta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka kirana uku ne. Jami'o'inmu na Kano da Jigawa su haɗa kai su zaɓi ƙauyuka kaɗan da madatsun ruwa biyu ko uku, a riƙa ƙidaya iri ɗaya a lokaci ɗaya kowace shekara, ɗalibai suna miƙa wa ɗalibai, a kuma ajiye bayanan inda kowa zai iya samu.  Na biyu, a gaggauta tattara sunayen tsuntsaye na Hausa da Fulatanci da abin da mafarauta da masunta da makiyaya suka sani a kansu, tun masu sanin suna raye, a kuma mayar wa manoma sakamakon bincike da harshensu ta rediyo. Na uku, attajiranmu masu kamfanonin shinkafa, waɗanda jan-baki ke ci musu riba tun daga gona, su ɗauki nauyin kujerar farfesa guda a wannan fanni, kamar yadda wani ɗan kasuwa ya ɗauki nauyin cibiyar Jos.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Tsuntsayen gonakinmu sun daɗe suna kuka a kan ruwan sama da ƙwari da itatuwa da lafiyar ƙasar da muke ci daga gare ta. Abin da ya rage shi ne mu tarbiyyantar da 'ya'yan da za su iya fassara kukan, mu kuma ba su lokaci da mutuncin da aikin ke buƙata. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana amfanin gona.